MOTA MAI FAKIN DA KANTA: INA ZA A NEMI CIWON IN TA ƘI?

Jawabin da masu gyaran mota na unguwarmu suka gabatar ta bakin wakilinsu, a taron ƙungiya na wata-wata a Agege.



  Shugaba ya ce rabin sa'a muke da ita. Za mu yi ƙoƙari kada mu zarce, ko da yake kowa ya san bakanike da alkawarin lokaci.

Abin da aka nemi mu yi bayani a kansa yau shi ne na'urar nan da ke taimaka wa direba wajen fakin, wadda a wasu motocin har sitiyari take murzawa da kanta ta shigar da mota gurbi. Wani zai ce ai wannan maganar masu kuɗi ce, me ya haɗa Zango da ita? To, a leƙa motocin Tokumbo da ake saukewa a tashar Tinkan da Apapa, a leƙa waɗanda ke jere a Berger. Da wuya ka ga babbar mota 'yar shekarun nan wadda bambarta ba ta da 'yan maɓallan nan zagayayyu. Cikinmu akwai dillalan mota, akwai masu tuƙa manya a Ikoyi da Lekki, akwai 'yan kasuwar da suka saya wa iyali. Kuma kusan duk mako sai an kawo mana ɗaya: ko tana ihu alhali ba kowa a bayanta, ko ta yi gum ko da bango za a daka, ko kuwa a danna maɓallin fakin ta ce ba za ta yi ba. Abin da ya fi damunmu shi ne, kafin motar ta iso hannunmu an riga an je Ladipo sau biyu sau uku, an sayi sensa, an sayi ƙwaƙwalwa, kuɗi ya tafi, ciwo kuwa yana nan inda yake. A wannan gyara sayen kaya shi ne abu na ƙarshe, ba na farko ba. Wannan muka zo faɗa, sauran duk bayanin dalili ne.

Da farko a raba abu uku da jama'a ke haɗawa wuri guda. Akwai sensa mai kuka idan ka kusanci wani abu. Akwai kyamara mai nuna maka baya a gilashin gaban direba. Sannan akwai mai gaba ɗaya, wato wadda ke auna gurbi ta murza sitiyari. Mai kukan ita ce tsohuwa. Mercedes ta fito da tata mai suna Parktronic tun 1995. Mai murza sitiyarin kuwa Toyota ce ta fara sayar da ita, a motar Prius, a Japan, a 2003. Lexus LS 460 ta kai ta Amurka a 2006, Volkswagen ta sa a Touran a 2007, Ford ta biyo baya a 2009. Kun ga ke nan motocin sun tsufa a can, shi ya sa suke isowa wajenmu. Da yawa daga masu cewa motarsu ta ƙi fakin da kanta, in muka duba sai mu tarar motar dama ba ta zo da wannan ba, mai kuka kawai gare ta. A duba bamba ta gefe, kusa da taya. In babu maɓalli mai kallon gefen titi, ga kuma babu maɓallin danna mai hoton sitiyari da harafin P a ciki, to ba abin da ya lalace, a bar kuɗi a aljihu.

Yadda sensa ke aiki kuwa, aikin jemage ne. Tana sakin wata ƙara siririya wadda kunnen mutum ba ya ji, domin mu ba ma jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa tana yin 40,000 ko fiye. Ƙarar ta je ta bugi bango ta dawo, sai a lissafa lokacin da ta ɗauka. Sauti yana cin kamar mita 340 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka abin da ke nesa da mota da mita 1, amsarsa tana dawowa cikin kashi 6 na 1000 na daƙiƙa. Na gaba da na baya suna jiyo abu daga kamar mita ɗaya da rabi, kukan yana ƙara sauri kana matsowa, in ya rage santimita 30 sai ya zarce ba tsayawa. Abin lura a nan shi ne fuskar maɓallin nan ita ce bakinta, ita ce kuma kunnenta. Fatar ganga ce, dole ta kaɗa. Duk abin da ya danne ta, ko laka, ko fenti, ko bamba ta matse ta, to ya kurmantar da ita. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mai murza sitiyari kuma, direbobin manyan motoci za su fi kowa gane ta, domin yaron mota ce. Kun san yaron mota ba ya tuƙi, yana tsaye ne yana cewa zo, zo, karya dama, ya isa. To ita ma ba ta da hannu ba ta da ƙafa, komai aro take yi. Sensar gefe ce ke gaya mata inda motar farko ta ƙare da inda ta biyu ta fara. Sensar ABS da ke jikin kowace taya ce ke ƙirga mata zagayen taya, ta haka take sanin tsawon gurbin. Wata sensa a wuyan sitiyari ce ke gaya mata inda tayoyin gaba suka fuskanta. Sannan injin lantarki na sitiyari shi ke murzawa in ta ba da umurni. Duk waɗannan suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu da suka zagaye mota, dukkansu kuma batir ɗaya ke ciyar da su. Ɗaya ya yi shiru, ko ya faɗi abin da bai yi daidai da na sauran ba, sai ta janye hannu ta rubuta maka saƙo a gilashi. Ba ita ce ta lalace ba, masu ba ta labari ne suka saɓa.

Shi ya sa in mota ta shigo gareji ba ma fara taɓa sufana. Tambaya muke fara yi. Yaushe abin ya fara? Bayan wanki ne? Bayan an shiga ruwa? An yi fenti kwanan nan? Ɗan acaba ko danfo ya goge ta? An canja batir, ko taya, ko rediyo? Wallahi mai mota in ya faɗi gaskiya a nan, rabin aiki ya ƙare. Wahalar da direbobin gidan manya muke sha, don wani ya daki ƙofar gida jiya da dare amma tsoron maigida ba zai bar shi ya faɗa ba. Ɗan'uwa, gaya mana a kunne, ba kai ƙara muka zo ba.

Na biyu, a tabbatar motar ba gaskiya take faɗa ba. Tana da sharuɗɗanta. Ba ta neman gurbi in kana gudu. A Volkswagen sai kana ƙasa da kilomita 40 a sa'a take auna gurbin gefen titi. In ta fara murzawa ka taɓa sitiyari, ta saki. In ka wuce gudun tafiyar ƙafa da kaɗan, ta saki. Ƙofa a buɗe, ko but bai rufu ba, ba za ta fara ba. Gurbin ma sai ya kai: ta farkon da aka sa a Touran sai gurbi ya fi tsawon mota da kusan mita ɗaya da rabi take yarda, na baya ne aka rage zuwa santimita 80. Haka nan in aka yi ta gwaji ba hutawa, injin sitiyari yana ɗaukar zafi ya ce sai ya huce. Mun ga wanda ya tara abokai yana nuna musu abin mamaki har sau takwas, a na tara ta ƙi, ya kwaso ta a guje wai ta lalace. Kafin ya gama ba mu labari ta warke.

Sai kuma a karanta abin da ta rubuta. Toyota in ta ce “Clean Parking Assist Sensor”, ai ta gama magana, tsumma da ruwa take nema. Ford kan rubuta “Check Park Aid”. Mercedes kan kunna jajayen fitilun nan kaɗai ta yi ɗan kuka sannan ta kashe kanta. Volkswagen da Audi kan yi dogon kuka ɗaya da ka sa ribas, fitilar maɓalli ta dinga ƙiftawa. A kuma dubi sauran fitilun gaban direba. In ta ABS tana kunne, ko ta sitiyari, to a manta da bamba tukuna, a gyara wannan, sau da yawa fakin zai dawo da kansa. Batir ma a auna shi tun a nan. Mai lafiya in ya huta mita tana nuna 12.6 ko kusa, in inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Injin sitiyari yana jan wuta sosai in yana murza tayar motar da ke kusan tsaye, batir mai rauni kuwa zai tayar da mota lafiya lau da safe amma ya gaza a nan. Kan batir mai sako-sako ko mai farin gari ya sa an sayi ƙwaƙwalwa a banza fiye da yadda za mu iya ƙirgawa.

Yanzu mu dawo kan fatar gangar nan, don a nan yawancin ciwonmu na Ikko yake. Motocin da ke zuwa da yawansu a gwanjon motocin haɗari aka saye su a Amurka, abin da ya fi mutuwa a haɗari kuwa bamba ce. Mota ta sauka, a kai ta wajen fanal-bita da mai fenti. Mai fenti ba ya cire sensa, sai ya shafe ta da foti ya goge, ya watsa mata fenti hawa uku huɗu, ta fito tana ƙyalli. A ido ta yi kyau, amma ta kurmance. Sensa tana ɗaukar fenti, amma siriri, kuma a cire ake fesa ta. Akwai kuma wani ɗan zoben roba da ke zagaye da kowace sensa, wanda ya raba ta da jikin bamba. Yaran gareji sukan yar da shi don sun ɗauka ado ne. In babu shi, ko fenti ya cike wurin, sai kaɗawar ta shiga jikin bamba ta dawo, sensa ta dinga jin muryar kanta tana ihu ba dare ba rana. In mazaunin sensa ya karye, sai ka ga an liƙe ta da gam a karkace. Wadda ta sunkuya ƙasa kwalta take gani, wadda ta faɗa ciki gefen raminta take gani. Duk waɗannan ba sa bukatar kwamfuta, durƙusawa kawai za ka yi ka duba, ka shafa da yatsa ka ji ko fuskarta ta yi daidai da bamba.

Ga kuma wata sabuwar ɗabi'a, wato sauya wa mota fuska, a mayar da Lexus ko Land Cruiser ta 2010 kamar ta 2018. Ba mu hana kowa kwalliya ba. Amma sabuwar bambar ramukanta ba a tsayin na da suke ba, wani lokaci ma maɓallan da ke jikinta na ado ne, babu ko waya a bayansu. Haka masu ɗaura ƙarfen kariya a gaba da baya saboda danfo, da masu sa wa lamba faffaɗan gida mai tudu. Sensa tana ganinsu a matsayin bango. Masu cire rediyon asali su sa babban gilashin Android su ma su sani, a wasu motocin hoton fakin da kukan ta cikin wancan rediyon suke bi. In ba a sa ɗan akwatin da ke fassara tsakaninsu ba, na'ura tana nan da ranta amma an yanke mata harshe.

Ruwa kuma ba sai mun gaya wa mazaunin Ikko labarinsa ba. Wayoyin sensa a ƙasan bamba suke bi, su ne ke fara nitsewa in titi ya cika. Ruwan ya shiga soket ya kwanta, bayan 'yan makonni sai ka buɗe ka tarar ƙarafan sun yi kore. Motocin Kanada da arewacin Amurka ma da tsatsarsu suke zuwa saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, ban da waɗanda ambaliya ta ci gaba ɗaya, irin ta Harvey da ta shafi Texas a 2017, aka busar aka sayo. Ƙwaƙwalwar fakin a motoci da yawa a but take, bayan labulen gefe, a wasu BMW ma a ramin safaya taya. Robar fitilar baya ta saki, ruwan sama ya dinga ɗiga, ba wanda ya sani. A ɗaga kafet a sa hannu. Yaranmu masu wankin mota kuma muna roƙonku, kada a kafa bakin tiyo mai ƙarfin nan a kan maɓalli, a ja baya kamar santimita 30. In kuwa cikin ruwan sama mai ƙarfi ta yi kuka, ko kusa da tirela mai sakin iskar birki, ko salansar babur, wannan ba ciwo ba ne, ƙarar waje ce ta rikita ta, za ta daina.

To, an wanke, an duba, batir lafiya, abu bai tafi ba. Akwai gwajin da kowa zai iya. A buɗe makulli wuta ta kama amma kada a tayar da inji. A ja birkin hannu, a sa weji a taya, mutum ɗaya ya zauna a kujera ƙafarsa a kan birki, ya sa ribas. Sai ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ka kara kunne, ko ka ɗora yatsa a hankali. Mai rai za ka ji tana ƙas-ƙas-ƙas a hankali kamar agogo. Wanda kunnensa ya yi nauyi ya kara wayar hannu ya ɗauki murya, zai ji. Wadda ta yi shiru ita ake zargi. A yi da hanzari, domin a motoci da yawa sensa ɗaya in ta mutu ƙwaƙwalwa tana kashe dukkansu bayan 'yan daƙiƙu, shi ne mutum zai ɗauka duka takwas ko goma sha biyun sun mutu ya je ya saye su kaf. Muna nanatawa, kada kowa ya durƙusa bayan mota tana ribas inji yana aiki.

Amma zargi ba hukunci ba ne. Shirun na iya zama daga sensa, yana iya zama daga wayarta. Yadda ake rabewa ba ya cin ko kwabo: a cire wadda ake zargi a yi musanyarta da maƙwabciyarta mai lamba iri ɗaya. In shirun ya bi ta zuwa sabon wuri, ita ce. In ya tsaya a tsohon wuri, waya ce ko soket, sabuwar sensa ba za ta yi komai ba. Yawancinsu waya uku gare su, ta wuta, ta ƙasa, da ta saƙo, mai wayarin, wanda a nan ake ce wa riwaya, zai auna su da mita. A wasu Toyota da Lexus kuwa jere suke kamar carbi, saƙo yana bi ta cikin wannan zuwa waccan, in ya tsinke a ta biyu duk na bayanta sai su yi shiru alhali lafiyarsu ƙalau. Muna kuma jan kunnen 'yan'uwanmu masu wayarin, a daina soka fitilar gwaji a wayar saƙo, a daina huda rigar waya da allura. Ramin allurar nan shi ne ƙofar ruwan baɗi. Waya in ta tsinke, ko ɓera ya ci, a yi mata dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ba a murɗa da hannu a naɗe da salatif ba.

Maganar kwamfuta. Yanzu kowa ya sayi 'yar na'ura ya ce yana duba mota da kwamfuta. Ramin da ake sokawa a ƙasan sitiyari mai ido 16 ne, doka ta wajabta shi a motocin Amurka tun 1996, amma saboda hayaƙin inji aka wajabta shi. Ƙananan na'urorin masu araha injin kawai suke tambaya, lambobin da suka fara da P. Ciwon fakin kuwa a lambobin B da C da U yake: B na jikin mota, inda sensa take, C na ƙafa da sitiyari, U kuma yana nufin wani sashe ya daina amsa kira. Saboda haka in an soka an ce maka babu komai, tambayi mai na'urar ko ta shiga sashen fakin. Ana bukatar babba irin Launch ko Autel, ko ta gidan motar, kamar Techstream ta Toyota da Xentry ta Mercedes. Mai kyau za ta faɗi sensar da sunanta, ta baya ta hagu ta ciki, alal misali, ta kuma nuna nisan da kowace ke gani a take. Ka ajiye mota a fili, bakwai suna cewa ba komai, ɗaya ta kafe a santimita 28, ka ga ɓarawo. In kuwa lambar U ce ta fito, a fara da fis da wayar ƙasa ta ƙwaƙwalwar. Sannan a cire batir a auna tsakanin ido na 6 da na 14 na ramin nan. A yawancin motoci mita za ta nuna om 60 in layin maganar lafiya yake, in ta nuna 120 to ya tsinke a wani wuri. Kuma goge lamba ba gyara ba ne. Wanda ya karɓi kuɗinka ya goge, fitila ta mutu, kafin ka kai Oshodi ta dawo.

Sai duk wannan ya wuce ake maganar ƙwaƙwalwa, ita ma in an sayo ta Ladipo a tabbatar lambar jikinta ta yi daidai, kuma sau da yawa sai an gabatar da ita ga motar da kwamfuta kafin ta yi aiki. Sensa ma da lamba ake saye, ba da kama ba. Ta tsakiya da ta kwana da ta gefe suna iya yin kama a ido amma nisan jinsu ya bambanta. A je da tsohuwar a hannu, a kuma yi sharaɗin mayarwa.

Akwai wani nau'in ciwo da ba ya kunna fitila ko ɗaya: mota tana fakin, amma a karkace, ko ta hau dakali, ko ta ƙi gurbin da ya ishe ta. Nan sai a dubi ƙafa. Mutanenmu suna son doguwar taya saboda ramuka, ba mu ga laifinsu ba. Amma motar da ta zo da 205/55 R16 in ka sa mata 215/60 R16, zagayen tayar ya ƙaru da kashi 5 cikin 100. Ita kuwa da tsohon awo take lissafi, sai gurbin mita 6 ta ɗauke shi ya gaza da kusan santimita 30, duk inda za ta karya sitiyari kuma ya goce. Haka in tayoyin ba girmansu ɗaya ba, ko iska ta yi ƙasa a gefe guda. In an yi saitin ƙafa, ko an taɓa sitiyari, dole a sake nuna wa sensar wuyan sitiyari inda tsakiya take. Bayan cire batir, wasu motocin ya isa ka murza sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama ka ɗan yi tafiya a miƙe, wasu sai da kwamfuta. Masu aiki da kyamara, irin Lexus, in an canja kyamarar ko an buga murfin but, ita ma sai an sake saita ta.

Ranka ya daɗe, saura magana ɗaya mai nauyi, muna so dillalanmu su saurara. In kuka ya dami mutum, wasu sukan ce wa riwaya ya yanke lasifikar, ko ya zare fis, a sayar da mota a haka. Wanda ya saya bai sani ba. An gaya masa tana da sensa, ya saba in ta yi shiru baya fili ne. Ku dubi lungunanmu na Zango da yamma, yara an taso daga makarantar allo, masu talla, awaki, almajiri zaune a inuwar mota. Shirun na'urar da aka yanke wa harshe ya fi rashin na'urar haɗari, don wanda ba shi da ita yana waiwaye. In ba kuɗin gyara, akwai maɓallin kashewa, a kashe ta a fili, a gaya wa mai saye da direba cewa ba ta aiki. Mu dai a garejojinmu mun yi shawara ba za mu yanke wa kowa wannan waya ba, kuma muna roƙon ƙungiya ta mara mana baya.

Mai lafiyar ma tana da makanta, kuma makantar ta fi yawa a titunanmu fiye da inda aka ƙera ta. Sensa amsar ƙara take jira, rami kuwa ba ya mayar da amsa. Buɗaɗɗiyar kwata a gefen titi, a wajenta fili ne shimfiɗaɗɗe, za ta murza sitiyari ta kai tayar baya ciki ba tare da ta yi ko tari ba. Siririn ƙarfe, sarƙa, igiya, gajeren dutse, bayan tirela da ya yi sama da tsayin bamba, duk tana iya kuskure su. Yaro ƙarami da ya tsuguna dab da bamba yana iya faɗawa tsakanin sensa biyu. A Amurka ma sai da wani uba ya taka ɗansa ɗan shekara 2 a ƙofar gida a 2002, aka yi doka a 2008, sannan daga watan Mayu na 2018 aka wajabta kyamarar baya a duk sabuwar ƙaramar mota. A yawancin motocin da ke hannunmu birki na direba ne, sitiyari kaɗai ta karɓa, saboda haka ƙafa ba ta barin birki. A lungu mai yara kuwa, a sauka a zagaya mota kafin a sa ribas.

Masu shirin saye, a gwada kafin a biya. A buɗe makulli a ga duk fitilun gaban direba sun kama sannan sun mutu, domin akwai masu rufe ta ABS da baƙin salatif ta ciki. A sa mutum ya riƙe kwali ya bi maɓallan ɗaya-ɗaya a ji kowace ta amsa. A binciki lambar jikin mota mai harufa da lambobi 17 a intanet, sau da yawa har hoton ranar gwanjo za a gani, a san ko gaba aka daka, ko baya, ko ruwa ta sha.

Mun ajiye motoci biyu a bakin ƙofa, ɗaya mai lafiya, ɗaya kuma mun cire mata zoben roba mun kuma zare soket guda, don kowa ya ji bambancin da kunnensa. Yaranmu suna can da mita da kwamfuta. Direbobi su fara zuwa, don mun san wasu za su koma bakin aiki, sannan dillalai. Iyaye a riƙe yara a gefen rumfa har a gama. Wanda ke da tambaya ya same mu a wajen motocin.